Wake Goma Kafin Azahar

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Maman Kindness ce ta ba ni wannan littafin rubutun. Maƙwabciyarmu ce, ƙofarta na kallon tamu, nas ce a wani ƙaramin asibiti a bakin titi. Ta ce duk abin da bakina ya kasa faɗa in ba wa takarda, takarda ba ta da suruka.

Ta kuma ba ni kofunan roba biyu da ƙwayar wake goma. In na karya da safe sai in zauna. Duk lokacin da na ji motsi a cikina, in ɗauki ƙwaya ɗaya daga jan kofi in jefa a shuɗi. Kafin azahar ya kamata jan ya zama wayam.

"In ka ga ya canja, ko kaɗan ne, ba ka jira kowa," in ji ta, da Hausarta ta Abuja. "Ko ina bayi ne ka buga mini ƙofa. Ka ji ni, Rumasa'u?"

Na ji.

Yau goma sun cika ƙarfe goma da kwata. Sati talatin da huɗu.

Talata, 5 ga Agusta, 10:40 na safe

Goma. Alhamdu lillahi.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Zulkifilu ya kira daga Masaka. Suna shimfiɗa tayil a wani bene, sai ranar Asabar yake dawowa saboda cunkoson hanyar Nyanya. Sau uku ya tambaye ni ko na ci abinci. A littafi da miji ya durƙusa ya kara kunnensa yana yi wa ɗansa hira. Nawa mijin "kin ci abinci?" kawai ya iya, amma na san abin da yake tambaya.

Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Funtua sati uku ke nan, kamar yadda ta zo bara. Da Ummata na raye da ni ce zan tafi gida. Tana wuni a bakin ƙofa a kan tabarma, carbi a hannu, tana kallon mutanen Durumi suna wucewa da yarukansu kala-kala. Muna hirar ruwan sama. Muna hirar murhun gas, wanda har yau ba ta yarda da shi ba. Da safe ta ce, "Ya jikin?" in ce, "Da sauƙi, Inna." Shi ke nan. Idonta bai taɓa sauka ƙasa da wuyana ba, ni ma bakina bai taɓa ambaton abin da ke wurin ba. Haka aka rene mu mu biyun. Tsakanin mace da uwar mijinta akwai maganar da ba a yi.

Juma'a, 8 ga Agusta, tsakar rana

Goma, ƙarfe sha ɗaya saura.

Hannuna na ƙaiƙayin littafi. Shekara guda da wata biyu ban karanta ko shafi ɗaya ba. Gurup ɗinmu na masu karatu na kashe masa sauti, saƙo ya haura dubu tara, ban buɗe ba, na kuma kasa fita.

Tun ina aji uku a sakandare nake da wani hali. In na ari littafi, shafin ƙarshe nake fara dubawa. In na tabbatar an yi auren, ba wanda ya mutu, sai in dawo farko in sha kukana hankali kwance. Ƙanwata Lubna takan ce, "Yaya, ke ko a lahira sai kin leƙa sakamako kafin a fara hisabi."

Wannan ba shi da shafin ƙarshen da zan leƙa.

Asabar, 9 ga Agusta, kafin magariba

Ya dawo da gasasshiyar masara da kwakwa, farar ƙurar siminti har a girarsa. Ya ga kofunan, bai tambaya ba, amma na ga leɓensa yana ƙirgawa.

Ya sunkuya neman takalminsa a ƙarƙashin gado, hannunsa ya taɓa akwatin. Ya janye kamar ya taɓa garwashi. Kayan bara ne a ciki, 'yan riguna da safa, ko sau ɗaya ba a saka ba.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Abin ya sake zuwa mini ina wanke-wanke. Ba dalili, wake ya cika tun sha ɗaya. Kawai na ji ƙirjina ya ɗaure, tafin hannuna ya yi sanyi, kunnuwana suna shuu. Na tabbata wani abu ya riga ya faru, ni ce kawai ba a gaya wa ba.

Maman Kindness na shanya a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi mini ta ja ni ɗakinta.

"Zauna. Cire silifas, sa ƙafa a ƙasa, ji sanyin siminti. Oya, hannu ɗaya a ƙirji. Ja numfashi, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sake shi a hankali kamar kana hura wa yaro koko."

"Anti, mutuwa zan yi."

"Ba yau ba. Yau ina da wanki. Faɗa mini abu biyar da kunnenka yana ji yanzu."

Na ce janareton mai aski. Na ce ɗigar ruwa daga indararo cikin bokiti. Rediyon wani, ana wa'azi. Kaza. Na rasa na biyar.

"Ni fa? Duk wannan surutu na, ba ka ji?"

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye ya biyo ta.

"Tsoro baƙo ne," in ji ta. "In ya zo kar ka yi kokawa da shi, kar ka ba shi gado kuma. Ka ce, na gan ka, zauna can a benci. Kai ka ci gaba da numfashi. Haɗa da addu'an ku, wannan da Inna yana ja a carbi."

Na gwada. Hasbunallahu in ina ja, wa ni'imal wakil in ina saki. Ya zauna daidai kamar da ma don haka aka raba shi.

Laraba, 13 ga Agusta, 11:35 na safe

Goma. Amma sai yanzu. Kullum yana ɗan ƙara makara, ko ni ce nake yawan kallon agogo.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Ba na son Alhamis.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Na je awo babban asibiti. Likitar ta daɗe tana kallon allon sikanin. Na sa hannu a ƙirji, na ƙirga abin da nake ji: fanka, takalmin nas, kukan jaririn wata, jaririn wata, jaririn wata.

Ta ce zuciya na bugawa lafiya. Ta ce ruwa ya ɗan ragu. Ta buɗe fayil ɗina ta karanta shafin bara, ta ɗago ta dube ni da irin kallon nan. Ta ce in dawo Juma'a mai zuwa, in kuma na ji wani canji in taho ko yaushe ne.

Ɗan ragu. Tun daga asibiti har gida kalmar nan nake taunawa. Ɗan nawa ne ɗan?

Inna ta ce, "An dawo?" Na ce, "An dawo, Inna." Ta tura mini kwanon fate gabana.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Zulkifilu ba zai zo ba. Oga ya ce sai an gama benen. Hadari ya taso daga wajen duwatsu, baƙi ƙirin, ya tsaya a kanmu ya ƙi zuba.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe 3 na rana

Na gaya wa Maman Kindness. Ta dawo daga coci tana warware ɗankwali, ni kuwa na tsaya a ƙofarta bakina ya buɗe da kansa. Ko Zulkifilu bai san wannan ba. Tun da na faɗa sau ɗaya, bari in rubuta.

Bara ne, ranar Alhamis, cikina na sati talatin da shida. Lubna ta aiko mini da wani littafi mai koren bango, kashi uku. Na fara bayan karin kumallo. Tun safe har magariba ina can wani gida a Kano tare da wata Ameera, ina kuka don an yi mata ƙazafi. Salla kawai ke tayar da ni. Na ma san ƙarshen labarin, na riga na leƙa. Duk da haka na zauna a gidan mutanen da babu su, ban san nawa gidan ya yi shiru ba.

Sai a shafi na sittin da ɗaya na kashi na uku na lura ban ji motsi ba tun safe. Na ninke shafin. Na fito. Inna na alwala a bakin ƙofa. Na buɗe baki. Na rufe. Ta yaya zan ce wa uwar mijina haka? Na ce a raina, bari gari ya waye.

Ba zan rubuta Juma'ar ba.

Maman Kindness ba ta ce ba laifina ba ne, kamar yadda na zata. Ta ce ba wanda ya sani, har likita, ko da na je da wuri da ya rayu. Sannan ta ce, "Wannan ƙanwa naka, Lubna. Ka ce ita ne. Shekara ashirin, ciki na farko, ba uwa, ba wanda ya taɓa koya mata ƙirga motsi. Ta zo ta zauna a gabanka ta faɗa maka wannan. Me za ka ce mata?"

Ta matso kusa da ni.

"Za ka ce mata ke kin kashe shi?"

"A'uzubillahi, Anti!"

"To me ya sa kana faɗa wa Rumasa'u haka kullum, safe da yamma, shekara ɗaya? Ita ba 'yar mutane ba ne?"

Ta ce in sa hannu a ƙirji in faɗa da ƙarfi. Muryata ta fito 'yar ƙarama. Na ce, Lubna, ba ki sani ba. Yarinya ce ke. Kin so shi.

Ban yarda da maganar ba tukuna. Amma na faɗa.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 1 na rana

Na shiga wanka na bar kofunan a kan tebur. Na fito na tarar da su a kife, an wanke su tas.

"Na zuba a tukunya," in ji Inna. "Wake ba abin wasa ba ne. A garinmu ko yara ba a bari su yi dara da abinci." Sannan ta ce, "Me matar can take ba ki kina ɓoyewa?"

Shida ne suka wuce ko bakwai? Na kasa tunawa. Na tsaya da tawul a kafaɗa, amsar tana nan a kan harshena, jimla ɗaya ce tak. Na ce, "Ba komai, Inna."

Na shiga ɗaki na sa ƙafa a siminti. Na gan ka, zauna can a benci. Ya ƙi zama. Na yi ta yi har ya gaji ya zauna. Ban ci waken ba, ita ma na ga ba ta ci da yawa ba.

Na ɗebo wasu goman daga buhu. Yanzu kofunan suna ƙarƙashin gado, jikin akwatin.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Ruwan ya zuba a ƙarshe. Rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya tafi da katakon da muke takawa. Masu keke sun daina saukowa, a can saman tudu suke tsayawa.

Talata, 12:20 na rana

Goma.

Laraba, 20 ga Agusta, ana kiran azahar

Na goman ya zo tare da ladan. Ba shuri ba ne irin na da. Kamar mutum ya juya cikin barci.

Sati talatin da shida. Gobe Alhamis.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 9 na safe

Ɗaya.

10:30

Biyu. Ana yayyafi. Maman Kindness ta fita aikin safe, ƙofarta da kwaɗo.

11:15

Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefen hagu kamar yadda ta koya mini. Uku. Ko uku ne, ko hanjina ne.

12:10

Uku.

Na kira ta sau biyu, ba ta ɗauka ba. Wayar Zulkifilu a kashe.

Gobe ne ranar awo. Wata murya tana ce mini gobe ba nisa, kar in tayar wa tsohuwa hankali a banza, kar a je asibiti a ce lafiya lau a dawo ana kallona. Bari gari ya waye. Na san muryar nan. Mun taɓa haɗuwa.

12:30

Ƙafa a siminti. Hannu a ƙirji. Ruwa a kan kwano. Janareto. Wata tana daka. Ƙarar buta. Numfashina.

Tsoron ya zauna a bencinsa. Zuciyata ta lafa, ga rubutuna ma ya miƙe. Na sake duba kofin. Yanzu ba tsoro ne ke ƙirgawa ba, ni ce, kuma bakwai ne a jan kofi.

Da Lubna ce, me zan ce mata? Ba zan zage ta don tana jin kunya ba. Zan ce, tashi, ƙanwata, ki faɗa da kunyar taki.

Inna tana bakin ƙofa tana alwala.

Zan ajiye biro.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe 10 na safe, asibiti

Sai yau na iya zama sosai. Ɗinkin yana ja in na yi tari.

Na fito da kofunan biyu a hannu na tsaya a bayanta. Na ce, "Inna, abin da ke cikina ba ya motsi yadda ya saba. Wannan waken ƙirgensa ne. Uku kawai ya yi tun safe."

Ba ta ƙarasa wanke ƙafar hagu ba. Butar ta faɗi tana tsiyaya. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ta tsaya a tsakar gidan haya ba takalmi, ba mayafi, tana kiran Maitama mai keke da ke ɗakin ƙarshe, tana faɗar kalmomin da a Funtua ko a raɗa ba ta faɗa. Ya ruga ya hau tudu ya tayar da keken. Rafin ya kai mana gwiwa. Ita ta riƙe ƙuguna muka tsallaka, tana cewa, "Taka nan, 'yar nan, taka nan, ina riƙe da ke."

Abin da ya biyo baya gutsi-gutsi nake tunawa. An ɗaura mini bel a ciki, wata na'ura tana zana layi, likitar ta daina murmushi. Takarda a sa hannu. Fitila mai haske. Na yi ta hasbunallahu har na daina jin bakina.

Mace ce. Ba ta yi kuka nan da nan ba, daga baya ta yi. Tana cikin kwalba a ɗakin jarirai, da 'yar roba a hanci. In na tambaya sai su ce, "Muna kallonta." Likitar ta ce da mun kai gobe, sai ta yi shiru ta gyara mini bargo.

Zulkifilu ya iso da siminti a gira. Ya tsaya a kaina ya daɗe, sannan ya ce, "Kin ci abinci?"

Talata, 26 ga Agusta, bayan la'asar

Inna ba ta koma gida ba tun ranar. A baranda take shimfiɗa tabarmarta. Yau da ɗakin ya yi shiru ta zauna a bakin gadona ta kwance haɓar zaninta. Wake ne a ƙulle, guda biyu.

Ashe bakwai ɗin da suka rage a jan kofi ta juye ta ƙulle kafin mu fita. Maman Kindness ta kawo mata shuɗin kofin washegari, sun zauna sun fahimci juna da Hausar da kowa ta iya. Kullum da safe Inna takan je ta leƙa ta gilashi, in ta ga ƙirjin yarinyar yana ɗagawa, ta jefa ɗaya. Kwana bakwai ne zuwa suna.

Ba ta dube ni ba. Waken take kallo.

"Bara," in ji ta, "na ga fuskarki da magaribar nan. Na ga kin buɗe baki kin rufe. Na haifi tara, na binne uku, na san wannan fuskar. Kunya ta hana ni tambaya. Na ce in da wani abu za ki faɗa." Ta juya ƙwayar da yatsa. "Carbin nan da kike gani, abin da nake ja ke nan."

Ban san lokacin da na kama hannunta na ɗora a kan ƙirjinta ba. Na ce, "Inna, haka aka koya mana. Ba mu sani ba. Mun so shi."

Wannan karon na yarda da maganar.

Laraba, 27 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Sun cire robar hancin, suka mayar bayan awa biyu. Baƙon nan ya zo, na nuna masa benci. Saura ɗaya.

Na ce wa Zulkifilu ya buɗe akwatin ya kawo 'yan rigunan. A ƙasansu zai ga littafi mai koren bango, ya haɗo da shi.

Alhamis, 28 ga Agusta, 9:50 na safe

Sun miƙo mini ita ba roba. Nauyinta bai kai na mudun gero ba. Rigar ta yi mata yawa, na naɗe hannun sau biyu. Na raɗa mata a kunne cewa ta yayanta ce.

Babanta ya tafi masallaci da dabino. Likitar ta ce za su ci gaba da kallonta, ba ta ce har yaushe ba, ni ma ban tambaya ba.

Inna ta kwance haɓar zaninta ta sa mini ƙwayar ƙarshe a tafin hannu. "Ke za ki jefa."

Na jefa. Mu biyun muka ji ƙarar faɗuwarta.

Goma. Ba a kira azahar ba tukuna.